Tambarin da ba na fada ba

(Rumfar gwanjo a Sabon Gari, Kano. Bakano dillali yana kaɗe ƙura daga wasu gangunan bature. Bazazzagi, tsohon sajan na badujala, ya iso da tocila da tef ɗin awo.)

BAKANO: Lale da bawana! Zo ka ga abin da Zariya ba ta taɓa gani ba. Saiti guda, shekara 100 cif.

BAZAZZAGI: Tashi ka gaida ubangidanka tukuna. Ina tambarin?

BAKANO: Tambari kuma? Sai ka nufi fada, ni gwanjo nake sayarwa.

BAZAZZAGI: Tambarin kamfani, jahili. Ɗan ƙarfen nan da ke kewaye da hudar iska. Juyo min babbar. To, Ludwig, Chicago. Ka ga ƙarami ne, mai faɗin kafaɗa da tsukakken gindi? Sun yi amfani da irinsa har 1969, daga nan suka koma mai karkace, shuɗi da kore. Lambar nan da ke samansa kuwa sai wajen 1964 suka fara buga ta. Shekara 100 ɗinka ta dawo 60.

BAKANO: Sauran 40 ɗin a jirgin ruwa suka yi su.

BAZAZZAGI: Babbar ganga ta shekara 100 da suka wuce faɗinta yakan kai inci 26 ko 28, kamar bakin rijiya. Taka 22 ce. Kuma ƙarfensu nikel ne, haskensa ya ɗan ja rawaya. Naka kurom ne, yana ɗaukar ido.

BAKANO: To aƙalla dai Ludwig ce. Rubuta min a takarda.

BAZAZZAGI: Tsaya. Dubi zoben da ya riƙe tambarin, ta ciki. Na kamfani inji ne ya naɗe bakinsa sumul. Wannan an tauna shi da filaya. Tambarin na gaske ne, amma daga wata gangar aka ciro shi. Kwance fatar mu ga cikin.

BAKANO: Fatar ma roba ce. Kar ka ce komai, na sani.

BAZAZZAGI: Fata ba shaida ba ce, kamar taya take a mota, ana sauya ta. Ta roba ta bazu ne daga 1957, kafin nan fatar maraƙi ake naɗewa a kan zoben katako. Sassauta notocin ɗaya nan, ɗaya a gefen da ke fuskantarsa, rabin juyi rabin juyi. In ka bi su a jere sai bakin ƙarfen ya lanƙwashe.

BAKANO: Ga shi. Ƙamshin Amurka kawai ke tashi.

BAZAZZAGI: Warin kyankyaso dai. Ludwig ta shekarun 1960 falle 3 ce: katakon dangin maɗaci ciki da waje, wani mai laushi a tsakiya, sannan zoben ƙarfafawa a kowane baki. Galibi an shafe cikin da farin fenti, sau da yawa har da kwanan wata da aka buga da tawada. Kuma zanen katakon kewaya gangar yake yi. Naka fa?

BAKANO: A tsaye yake, kamar soja.

BAZAZZAGI: Katakon luwan ke nan, mai saƙa-saƙa. Irin wanda Japan ta riƙa yi da araha a shekarun 1960, kowane kanti ya manna sunan da ya ga dama. Tana kaɗuwa, ba laifi. Amma kuɗinta na jaki ne, ka sa mata linzamin doki.

BAKANO: Wannan ƙaramar fa? Makullin ɗaure fata ya ƙi kama ta. Aljanu gare ta.

BAZAZZAGI: Aljanun Ingila. Kan notinta tsage yake kamar na sukuru, ba mai kusurwa 4 ba. Premier ce, su suka daɗe da wannan ɗabi'ar. Kafin ka saya mata fata, auna ta. Tsofaffinsu akwai waɗanda ake kira inci 12 alhali sun ɗan gaza, sai fatar yau ta riƙa yawo a kai. Auna a gicciye, daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, ka zagaye duka. In bambancin ya wuce milimita 3, gangar ta zama ƙwai, ba za ta ƙara ɗauruwa daidai ba.

BAKANO: Ƙwai ma ai yanzu tsada yake.

BAZAZZAGI: Kifa ta a kan gilashin tebur, sa tocila a ciki. Duk inda haske ya ɓullo, baki ya ci a wurin, nan fata za ta riƙa zizar banza. Kai! Waɗannan hudoji 4 fa?

BAKANO: Ni na sa kafinta ya yi, na rataye ta don masu wucewa su gani.

BAZAZZAGI: Kowace huda da ba ta kamfani ba rage kuɗi take yi. Ka kuma shanya ta a rana, rigar jikinta ta tsuke, ɗinkin ya buɗe. Tsohuwar rigar nan wuta take kamawa kamar fetur, janye ta daga kusa da mai shayi.

BAKANO: Kai dai ba a yi maka gwaninta. Ga ta ƙarfen nan mai waya a ƙasa. Zallar azurfa.

BAZAZZAGI: Miƙo maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, gama-gari. In ya ƙi, ko tagulla ko alminiyam, sai a duba nauyi da fuska: tagulla ta fi nauyi, alminiyam kuwa kurom ba ya zama a kansa, sai ka ga ya yi ƙuraje yana ɓarewa. To, taka ta rungume shi kamar ɗan'uwa.

BAKANO: Son zumunci ne, irin na Kanawa.

BAZAZZAGI: Ina farantan kiɗan, na tagullar da ake bugawa tare da gangunan?

BAKANO: Biyu na goge da toka da lemon tsami, ga su kamar madubi. Na ukun baƙi ƙirin, duk tabon guduma, da rubutun ajami. Shi na rufe randa da shi.

BAZAZZAGI: (ya ɗaga murfin randa, ya haska, ya yi shiru) Hudar tsakiya ba ta zama ramin makulli ba. Gefe ba tsaga. Wata da tauraro... Ɗankano, ƙishirwa nake ji. Bar min murfin nan a naira 2,000, in rufe tulu a gida.

BAKANO: Tun da ka zo nake jahili, yanzu na zama Ɗankano? Karanta min abin da ke ƙasan ajamin.

BAZAZZAGI: Ya goge.

BAKANO: Yaro, zo karanta.

YARO: K. Zildjian, Istanbul.

BAZAZZAGI: To, naira 5,000. Ƙirar hannu ce ta Turkiyya, kowane tabo bugun maƙeri ne, shi ya sa babu biyu masu murya ɗaya. Shi kaɗai ya fi duk tarkacen nan. Don Allah ko ba ka sayar min ba, kar ka kai masa toka. Baƙin da ke jikinsa shi masu saye suke so, busasshen ƙyalle ya ishe shi.

BAKANO: Yaro, kai shi ɗaki ka kulle. Kawo Ludwig ɗin Japan ka rufe randa.

BAZAZZAGI: Kuɗin dubawata fa?

BAKANO: Ai ka ce ƙishirwa kake ji. Ga moɗa.