Kakanni masu jirgin ruwa, ƙaramin jika ne ma'aunin tafiya

Hutu ya zo, jikoki sun cika gida, kuma kaka na da ƙaramin jirgi mai inji a ɗaure a bakin teku. Tun daren farko yara za su fara naci, "Kaka, yaushe za ka kai mu cikin ruwa?" Shi kuma dama abin da yake jira ke nan. Ni ina goyon bayan a kai su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake tsara tafiyar da ma'aunin kakan, mutumin da ya shekara talatin yana shiga teku, wanda girgizar jirgi ba ta ko sa shi ajiye abin da ke hannunsa. Idan akwai ɗan shekara huɗu a cikin jirgi, to nisan da za a yi, gudun da za a yi, awannin da za a kwashe, har da ranar da za a fita, duk shi za a duba. Wanda ya ƙware da ruwa shi ya fi saurin mance yadda ruwa yake ga baƙonsa.

A wajen rigar ceto aka fi yaudarar kai. Jikoki baƙi ne, sau ɗaya ko biyu ake ganinsu a shekara, kuma rigar da ta yi wa yaro daidai bara ba lallai ta yi masa bana ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kafin su iso ka bugo wa iyayensu ka tambayi nauyin kowane ɗaya, domin da nauyi ake zaɓen rigar, ba da shekaru ba. A Amurka rigunan yara gida uku ne: ƙasa da kilo 14, daga 14 zuwa 23, sai daga 23 zuwa 41. A Turai za ka ga lamba a jikin rigar, 50 ko 100 ko 150 ko 275, wadda ke nuna ƙarfin da take ɗaga mutum da shi a ruwa. Mai lamba 50 ta wanda ya iya iyo ce kuma yake kusa da masu taimako. Ba ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. Yaro 100 ko 150 yake buƙata, mai babban wuya da ke tallafe ƙeya, mai usur, mai kuma ɗamarar nan da ake ratsawa tsakanin ƙafafu a ɗaure. Wannan ɗamarar ita ce yara suka fi ƙi, ita ce kuma manya suka fi bari tana lilo, alhali ita ke riƙe da komai.

Ka gwada da kanka. Ka tsayar da yarinyar, ka ja zif, ka ɗaure kowace ɗamara, ka ce ta ɗaga hannuwa sama, sannan ka kama kafaɗun rigar ka ja sama da ƙarfi. In rigar ta hauro ta rufe mata haɓa da kunnuwa, ta yi mata yawa. Abin da ka gani a tsaye shi zai faru a ruwa: rigar ta yi sama, yarinyar ta zurma ƙasa a cikinta, baki da hanci su nutse alhali rigar na yawo a sama lafiya lau. Robar nan da ake hura wa iska a sa wa yara a damtse kayan wasa ce, kada ta shiga lissafi. Rigunan manya masu kumbura da kwalbar iska ma ba na ƙananan yara ba ne. Kuma tun kafin a taka matsayar jirage ake sa riga, domin wurin shiga da fita ne ƙafa ta fi zamewa. Kai ma ka sa taka. Yaron da ya ga kakansa ba riga zai yi ta neman cire tasa, kuma babban da ya faɗa ruwa ba riga ba ya ceton kowa, shi ma nema ake.

Sai lokacin fita. Yawancin iyalai sai rana ta ɗaga suke gama shiri, su shiga ruwa wajen ƙarfe goma sha biyu, wato daidai lokacin da ya kamata su fara tunanin dawowa. A ranar da ake rana sosai, tudu yana saurin ɗaukar zafi fiye da ruwa, iskar da ke kansa ta yi sama, ta teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Wannan iska daga hantsi take farawa, ta yi ƙarfi da yamma. Ruwan da ka gani kwance kamar faranti da ƙarfe takwas na safe, zuwa ƙarfe uku ya zama wani abu dabam. Ka duba hasashen yanayi na teku, ba na gari ba. A ma'aunin Beaufort na ƙarfin iska, mataki na 3 iska ce mai gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa, kuma a ganina nan ne iyakar ƙaramin jirgi mai ɗauke da yara. A mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, za ka ga farar kumfa na tashi a kan igiyoyin ruwa ko'ina. Babba zai jure, yaro kuwa zai jiƙe, ya ji sanyi, ya tsorata, ƙila kuma ya tsani ruwa daga ranar. Wata dabara da ba ta cin ko sisi: ka fara tafiya kana fuskantar iska lokacin da kowa ke da kuzari, domin dawowa ta kasance iska na bayanku lokacin da an gaji. Masu yin akasin haka su ne ke dawowa da yara suna kuka.

Cikar teku da janyewarta kuwa, wanda ya saba da tafki ko kogi ba ya kawo ta a ransa. A mafi yawan gaɓoɓi teku na cika sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, kuma bambancin ya fi yawa a kwanakin sabon wata da na cikar wata. Ruwan ba ya janyewa da gudu ɗaya. Matuƙa na raba shi kashi goma sha biyu: awa ta farko kashi ɗaya, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan biyu, sannan ɗaya. In bambancin cika da janyewa mita 3.6 ne, awa ta farko santimita 30 kawai zai sauka, ka ga kamar ba abin da ke faruwa. A awa ta uku da ta huɗu kuwa zai sauka mita 1.8. Haka ake yi jirgin da aka jawo bakin rairayi don yara su yi wasa ya zauna daram a kan yashi, a jira awa shida ko fiye, rana ta faɗi, sanyi ya sauko. Sannan duk inda ruwa ke gudu ya yi karo da iskar da ke tahowa ta gabansa, igiyoyi kan miƙe tsaye su matso kusa da juna. Bakin kogi inda yake shiga teku, lokacin janyewar ruwa, ya fi ko'ina wannan hali. Kada ka ratsa nan da yara don kawai hanya ta fi kusa.

In za a tsaya a saki anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a ba ta igiya isasshiya. Zurfin mita 3 a lokacin cikar ruwa, a ƙara mita 1 na tsayin goshin jirgi, a ninka sau bakwai, igiya mita 28 ke nan. Gajeriyar igiya tsaye take jan anga, ta tumɓuke ta. Kuma a goshi ake ɗaure ta. Ƙaramin jirgin da aka ɗaure wa anga ta baya, inda nauyin inji ya riga ya danne, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta cika shi.

Duba inji aikin da ake gamawa ne kafin yara su iso, ba suna zaune cikin rana suna kallonka da sufana ba. Ka tabbata toshiyar ramin zubar da ruwa na baya tana wurinta. Ƙwararru ma na mance ta. Da ka tayar da inji ka duba siririn ruwan da yake tsartuwa ta baya. In babu, ruwan sanyaya inji ba ya zagayawa, ko dai leda ko ciyawa ta toshe mashigar, ko robar famfon ta cinye, kuma cikin mintuna kaɗan zai ɗau zafi. In tankin mai na ɗauka ne, ka kwance ɗan mashaƙar iska da ke kan murfinsa. Da yawa daga cikin injinan da ke mutuwa bayan minti goma da tashi ba abin da ya same su, tankin ne ya kasa shan iska, mai ya daina tafiya. Man kuma a raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Ka karanta ɗan allon da ke nuna adadin mutane da nauyin da jirgin ke ɗauka, ka lissafa har da kaya, kada ka ce ai yara ne.

Jar igiyar nan ta kashe inji, wadda in ta fizge daga makunni inji ke mutuwa nan take, a ƙafarka ko a jikin rigarka take zama muddin inji na aiki. Matuƙin da ya faɗa ruwa bai ɗaura ta ba, jirginsa kan karkata ya dinga zagaye da gudu, farfela na bi ta kan wanda ke cikin ruwan, yara kuma na ciki ba mai tuƙi. Ka ajiye ta biyu inda matarka ko ɗanka ya sani, domin in ka faɗa da taka, inji ba zai tashi ba sai da wata. Wannan ya kawo maganar da kakanni ba sa son ji: dole a samu babba na biyu da ya iya tayar da inji, ya juya jirgi, ya kira taimako. Shekaru sun ja, ba abin kunya ba ne. Ka nuna masa rediyon VHF, tasha ta 16, yadda ake danna maɓalli a ce "Mayday", kalmar neman agajin gaggawa, sau uku, a faɗi sunan jirgi, inda ake, abin da ya faru, da adadin mutane. Waya na rasa sabis a bayan duwatsun gaɓa, kuma mutum ɗaya take kira, rediyo kuwa duk jirgin da ke kusa zai ji. Wani a gida ma ya san inda kuka nufa da lokacin da ya kamata ya fara nemanku.

Dokokin yara kada su wuce uku, in sun yi yawa ba wadda za su riƙe. A zauna muddin jirgi na tafiya. Hannu ɗaya kullum na riƙe da wani abu. Yatsu a ciki idan an matso matsaya, domin yaro na ganin jirgi zai bugi katako zai miƙa hannu ya tare. Zama a goshin jirgi ana lilo da ƙafafu yana da kyau a hoto, amma wanda ya zame daga nan ƙarƙashin jirgin yake shiga, farfela na jiransa a baya kafin matuƙi ya kai hannu ga giyar inji. In kuma za a yi iyo, a kashe inji ɗungurungum. Sa giya a firi bai isa ba, gwiwar wani na iya ture ta.

A kan sa ido, "ai muna da yawa" ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro. Manya biyar da ke hira, kowa na zaton wani na kallo, sun fi babba ɗaya haɗari. A raba yaran da suna: wance taki ce, wane naka ne, matuƙi kuma ba ya cikin rabo. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu, numfashi yake nema, kuma ƙasa da minti ɗaya abin ke ɗauka. Ku mai da atisaye wasa tun a farkon tafiya. A jefa wani abu mai yawo a ruwa, a yi ihu, yaro ɗaya ya miƙa yatsa yana nuna shi ba ya ɗauke ido, a juyo a hankali ana fuskantar iska, a kashe inji kafin a ɗauko. Yara na son wannan fiye da kallon gaɓa, kuma za ka gane da idonka yadda ƙaramin abu ke ɓacewa tsakanin igiyoyi cikin daƙiƙu.

Jiri da tashin zuciya sun fi kama 'yan shekara 2 zuwa 12. Ido na cewa ana zaune, kunnen ciki na cewa ana motsi. Yaron da ya yi shiru, yana hamma, goshinsa na tsattsafo da gumi, ya riga ya fara. A karɓe wayar, a zaunar da shi tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi, iska na kaɗa shi, yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Maganin jiri kafin a tashi ake sha, kuma da sanin iyaye da shawarar mai magani, domin wasu ba a ba ƙananan yara. Amma a kula, ciwon kai da jiri a wurin yaron da ya daɗe zaune kusa da inji na iya zama iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma takan taru a bayan jirgi idan ana tafiya a hankali ko an rufe rumfa. A matsar da shi gaba cikin iska nan take, a buɗe rumfar, a nufi gaɓa a kai shi asibiti.

Rana na duka daga sama, ruwa kuma na dawo da ita, saboda haka hula mai igiya, man kare fata duk bayan awa biyu, da ruwan sha fiye da yadda kake zato. Yaro kuma na saurin jin sanyi fiye da babba, ko da ana rana, muddin ya jiƙe iska na bugunsa. Kowane ɗaya a riƙe masa busasshiyar riga a cikin leda.

Fitar farko awa biyu ta isa, kusa da gaɓa, a wurin da tudu ya tare iska. In an ji daɗi, gobe a ƙara rabin awa. Wajen dawowa, ka ɗaure jirgi gaba da baya, ka kashe inji, babba ɗaya ya fara fita ya tsaya a kan matsaya, sannan a miƙa masa yaran ɗaya bayan ɗaya, rigunansu na jikinsu har sai sun taka tudu.