Ni da rantsuwar daina karɓar leda

Akuyar Hajiyarmu ce ta jawo min komai. Akuyar nan ta fi wata biyu tana ramewa, ga ciki ƙato kamar mai ɗauke da 'yan uku amma ƙafafu kamar sillen kara, an ba ta kanwa, an ba ta dusa, an jiƙa mata sassaƙe har kala uku, shiru. Da Hajiya ta ga abin ba na tashi ba ne tace a kira mahauci kafin ta zama mushe. Yana farka tumbin sai ga wani dunƙule ya faɗo tim, baƙar leda, farar leda, ledar fiya wata, duk sun murɗe sun zama kamar gammo. Mahaucin ko a jikinsa, yace ai kusan kullum sai ya ciro irinsa a mayanka, wai na shanu ma ya fi haka girma.

Ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Daren nan kwana nayi ina latsa waya, nan na ga ashe Ruwanda tun 2008 suka haramta leda, Kenya suka bi sahu a 2017 da dokar da za ta iya kai mutum gidan yari har shekara huɗu, maƙwabtanmu Nijar ma suna da tasu dokar tun 2014, ko da yake duk wanda ya bi hanyar Maraɗi ya ga leda na lilo a kan ƙaya ya san doka daban aiki daban. Mu kuwa a Kano ko allura ka saya sai an ƙulla maka a leda an jefa a wata ledar, in damina ta zo kwatami ya toshe ruwa ya shigo ɗaki mu ce ikon Allah.

Da safe na tara iyali nayi jawabi, nace daga yau ba a ƙara shigo da leda gidan nan. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa tace, "To Yallaɓai, alalar da kake so ranar Juma'a a hularka zan ƙulla?" Nace gwangwanin madara fa, ai da shi iyayenmu suka yi. Tace to.

Satin farko dai an lallaɓa. Na koma zuwa wajen mai koko da jug, yaran layinmu suka sa min suna Baba Mai Jug. Na sa tela ya ɗinka min jaka da ragowar yadi. A wajen wani suna aka miƙo min fiya wata na ƙi karɓa na zaro gorata daga aljihu, kafin la'asar labari ya kai gidan surukaina wai ina tsoron a yi min sammu.

Sai ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, babu fita sai ƙarfe goma. Goma na bugawa na rataya jakata na nufi Yankaba cefane. Tumatir, attaruhu, albasa, kowa na miƙo leda ina cewa a'a zuba nan, suna kallona kamar wanda aljanu suka shafa. Na zo wajen mai manja na miƙa masa wata tsohuwar gora, ya cika ta, ya murɗa murfin ya sake murɗawa yace, "Malam murfin nan ba ya kamawa, bari in sa maka 'yar leda a bakin." Wallahi da na san abin da ke gaba da nace ya sa biyu. Amma ina, sai na gyara tsayuwa na ba shi labarin akuya tun daga ramewarta har tumbi. Ya saurare ni tsaf yace, "Allah ya mayar da alheri," ya miƙo min gorata haka nan.

Na tari adaidaita sahu, aka matse ni a tsakiya. A damana wani dattijo ne cikin farar shadda kar, babbar riga mai aska takwas, sai ƙamshin turare yake, yana ta duba agogo yana ce wa direba ya taka don ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura aure kuma shi ne waliyyin amarya. Direba kuwa ya taka. Muka faɗa wani rami duk muka yi sama muka dawo, na ji wani ɗan "fus" a cikin jaka amma na ɗauka tumatir ne ya fashe. Can sai dattijon ya shaƙi iska yace, "Ikon Allah, wa yake suya a kan titi?" Muka sunkuya tare. Jama'a, jakar yadi ba ta riƙe sirri. Manja ya ratsa ta ya bi cinyata ya sauka kan rigar Alhaji, tun daga aljihu har gwiwa ja wur kamar an yanka rago a kansa.

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan yace, "Ɗan nan, me ya hana ka sa abin nan a leda kamar sauran bayin Allah?" Ni kuma da ƙarar kwana sai na buɗe baki nace, "Ranka ya daɗe, ai a Ruwanda..." Direba ya waiwayo yace, "Malam don girman Allah ka yi shiru."

Aka tsaya a bakin titi. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rage daga shi sai 'yar ciki, ya ɗora min ita a hannu yace in kai wa mai wanki, ya karɓi lambata, ya kira a gabana don ya tabbatar ta shiga. Riga na ɗiga, jaka na ɗiga, tumatir na iyo cikin manja, babu mai adaidaitan da zai ɗauke ni a haka. Sai ga wani yaro mai tallan leda ya zo ya tsaya a gabana, bai ce komai ba, kallona kawai yake. Guda huɗu na saya, manya, ko ragi ban nema ba.

Ina shiga gida uwargida ta ƙirga ledojin da ido tace, "Sannu da zuwa shugaban ƙasar Ruwanda." Hajiya kuwa ba ta tanka ba, ta karɓe su ta wanke da omo ta shanya, da suka bushe ta ninke ta tura ƙarƙashin katifa inda 'yan uwansu suke tun kafin a yi min aure.

Mai wanki ya wanke rigar sau uku, ta tashi daga ja ta koma ruwan ɗorawa, a nan ta tsaya. Alhaji yana kirana duk bayan sallar asuba, ba ya faɗa, sai dai ya gaishe ni ya tambayi iyali sannan ya tuna min kuɗin yadi goma na shadda. Jakar yadin kuma da na shanya a kan katanga, sabuwar akuyar da Hajiya ta sayo ta ji ƙamshin manja ta cinye rabinta.