Rasha a 1998: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A ranar 17 ga Agusta 1998 gwamnatin Rasha ta kasa biyan bashin da ta ci a cikin gida, ta kuma karya darajar kuɗinta, rubul, kafin a farkon Satumba ta sake shi ya nemi wa kansa daraja a kasuwa. Dalar da ake saya kimanin rubul 6 ta haura 20 cikin 'yan makonni. Hauhawar farashi ta kai kashi 84 cikin ɗari a shekarar. Masana sukan ɗora laifin kan faɗuwar farashin mai da rikicin kuɗin Asiya na 1997. Ban musa ba. Amma a ganina abin da ya sa talaka ya sha wuya haka ya girmi watan Agusta.

Zamanin Tarayyar Sobiyet, masana'anta ita ce uwa ita ce uba. Ita ke ba ma'aikaci gida, da asibiti, da wurin renon 'ya'yansa. Da aka shiga sayar da masana'antun bayan 1991, aka sauke wannan nauyi a kan ƙananan hukumomin da baitulmalinsu wayam yake. An rushe tsohuwar rumfa ba a kafa sabuwa ba, ga damina ta kawo kai. Tun a watan Mayun 1998 masu haƙar kwal suka zauna kan layin dogon da ya ratsa Sibiriya saboda albashin watanni da suke bi. Wasu ma'aikatan ma da kayan da suke ƙerawa ake sallamarsu, su je bakin hanya su yi talla. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Mai dala a ƙarƙashin katifa ya wayi gari da riba. Malamar makaranta da tsoho ɗan fansho kuwa, waɗanda tsadar 1992 ta riga ta cinye musu ajiya, suka sake yin asara a bankuna irin su Inkombank. Da yawa dankalin da suka noma a 'yan gonakinsu na bayan gari ne ya fid da su lokacin sanyi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka biya bashin albashi da fansho daga baya: da rubul ɗin da ya riga ya zube. A takarda an biya. Mai ya yi tsada, tattalin arziki ya bunƙasa da kashi 10 cikin ɗari a 2000, amma tsawon ran da ake hasashe ga namiji a Rasha ya sake komawa ƙasa da shekara 60.