Faifan Aretha a Teburin Mai Shayi

Bazazzagi, ɗan Wusasa, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara ya ƙure murya. Bakano na gefe yana tsoma biredi.

MAI SHAYI: Malam, rage mana, kar baiwar Allahn nan ta fasa mini kofuna.

BAZAZZAGI: Kofunan roba? Aretha Franklin ce fa, sarauniyar waƙoƙin soul ta Amurka.

BAKANO: Nawa ta samu?

BAZAZZAGI: Alhaji, ko gaisuwa babu?

BAKANO: Ai gaisuwar ke nan.

BAZAZZAGI: Faifanta ne, Amazing Grace, na 1972. Tana kan ganiyarta, duniya na rububinta, sai ta koma wa waƙoƙin cocin da ta taso da su a Ditiroyit, inda mahaifinta ke fasto. Dare biyu ta yi a wani coci a Los Anjalis, ita da Rabaran James Cleveland da mawaƙansa, jama'a na amshi, aka naɗa kai tsaye.

BAKANO: Babu kuɗin situdiyo ke nan. Yarinyar nan ta san kasuwa. To, an saya?

BAZAZZAGI: Sama da kwafi miliyan 2.

Biredin Bakano ya nutse a shayi, bai ko kula ba.

BAKANO: Miliyan ɗaya kowane dare! Ni kuwa shekara 20 ina Kantin Kwari ina rantsuwa a kan atamfa.

BAZAZZAGI: Har Grammy ta ci da shi a 1973.

BAKANO: Giram nawa?

BAZAZZAGI: Grammy na ce, kambun girmamawa. Ɗan garmaho ne mai ruwan zinare.

BAKANO: Ruwa kawai? An cuce ta.

MAI SHAYI: Wai akwai bidiyon abin, ko murya ce zalla?

BAZAZZAGI: Nan gizo ke saƙa. An ɗauko babban darakta, Sydney Pollack, ya zo da kyamarori ya kwashi hoto na awa kusan 20. Amma ba a yi amfani da allon nan da ake bugawa ɗas kafin a fara ɗauka ba. Ƙarar allon ce ke nuna wa mai tacewa inda zai haɗa hoto da sauti. Da aka zauna aiki, baki na gabas, murya na yamma.

MAI SHAYI: Kamar fassarar Indiya!

BAKANO: Da sun kawo Kano, kafin la'asar yaranmu sun haɗa.

BAZAZZAGI: Ƙwarai. Sai a ga Aretha ta ɗaga hannu sama tana kuka, a ji tana cewa "jarumi ya iso". Ku bar shi inda yake. Sai 2018 fim ɗin ya fito, watanni kaɗan bayan rasuwarta. Ka ga mahaifinta ya taso yana share mata zufa tana kan fiyano. Mick Jagger ma, shahararren mawaƙin nan na Ingila, na can baya yana tafi kamar ɗan ƙauye a gidan biki.

BAKANO: Shekara 46 kaya na kwance a sito? Saboda katako biyu? Wayyo jari!

Mai shayi ya jawo wani littafi da ya sha mai, ya lashi yatsa.

MAI SHAYI: Malam, tunda an zo batun abin da bai haɗu ba, bakinka da aljihunka ma tun Kirsimeti ba su haɗu ba. Shayi 31, ƙwai 12.

BAZAZZAGI: Haba, maigida. Turawa ma da na'urorinsu sai da suka shekara 46.

Mai shayi ya ɗauki murfin tukunya biyu ya gwara su a gaban hancinsa.

MAI SHAYI: Ga allon an buga. A fara.

BAKANO: Ko ka sayar mini da bashin a rabin kuɗi. Ni na san gidansu.