Kocin da aka shekara 20 ana cewa ba shi da sa'a

Na san da yawanku da kun ga kalmar besbol za ku wuce, domin wasa ne da ba ya cikin jininmu. Ni ma sai da zama ya kai ni Houston na fara gane kansa, shi ma albarkacin wani dattijo maƙwabcina ne da ba ya rabuwa da rediyo a kunne duk lokacin bazara. Amma ku ɗan tsaya. Maganar da zan yi ta wani mutum ce mai suna Dusty Baker, da yadda muke yanke wa mai horarwa hukunci da dare ɗaya, mu watsar da aikin shekaru.

Baker ɗan Riverside ne a jihar Kalifoniya, an haife shi a 1949. Ƙungiyar Atlanta Braves ce ta ɗauke shi a 1967, a zagaye na 26 na zaɓen sababbin 'yan wasa, wato ba wanda ya yi rububinsa. Mahaifinsa jami'a ya so ya tafi, har rigimar ta raba su na wani lokaci. Ga kuma tsoron tura yaro baƙar fata kudancin Amurka a shekarun da wariya take da ƙarfinta. Hank Aaron, babban gwarzon ƙungiyar, shi ya ɗaukar wa mahaifiyar yaron alƙawarin zai riƙe shi kamar ɗansa, kuma ya cika. Ranar 8 ga Afrilun 1974, lokacin da Aaron ya yi bugunsa na 715 da ya tsallake katanga, ya shafe tarihin Babe Ruth, Baker ne yake durƙushe a gefe da sanda a hannu yana jiran layinsa. Ya ga wasiƙun barazanar kisa da aka riƙa aiko wa ubangidansa a kan wannan tarihi. Wanda ya tashi a wannan makaranta, ihun 'yan kallo ba ya razana shi.

Aikinsa a fili shi ne tsaron baya, can nesa kusa da katanga, inda mutum uku suke tsayawa suna jiran ƙwallon da aka ɗaga sama. Maƙwabcina ya taɓa ce mini wannan wuri ne na masu haƙuri: kana iya yin rabin sa'a ba abin da ya zo wajenka, sai farat ɗaya ƙwallo ta taso, in ka yi sakaci na ƙiftawar ido wasan ya tafi. Daga can kuma kana ganin filin gaba ɗaya, kana ganin wanda ya gaji da wanda hankalinsa ya koma gida. Ina jin a nan ya fara koyon karanta mutane.

Shekara 19 ya yi yana wasa: Atlanta, sai Los Angeles Dodgers daga 1976, sannan San Francisco da Oakland, ya ajiye sanda a 1986. Ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 242, ya ci kofin World Series, wato jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran shekara, da Dodgers a 1981. Ga wani abin dariya a gefe. Tafin nan da ake yi, mutum biyu su ɗaga hannu sama su buga, da yawa suna cewa daga wajensa ya samo asali, ranar 2 ga Oktoban 1977, da ya yi bugunsa na 30 na shekarar abokin wasansa Glenn Burke ya tarye shi da hannu a sama, shi kuma bai san abin yi ba sai ya buga. Ɗan wasa ne mai kyau ƙwarai, amma ba sahun su Aaron ba. Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata muku lokaci ba.

Da ya bar wasa harkar hannun jari ya shiga. Sai a Afrilun 1987 wani babban jami'in Dodgers, Al Campanis, ya fito a talabijin, a shirin tunawa da cika shekara 40 da Jackie Robinson ya karya shingen launin fata a wasan, ya ce wai mai yiwuwa baƙaƙe ba su da abin da ake buƙata na shugabantar ƙungiya. Cikin kwana biyu ya rasa kujerarsa, amma ya riga ya fasa ƙwai, domin abin da ya faɗa a fili shi ne abin da masu ƙungiyoyi da yawa suke aikatawa a ɓoye. A shekara mai zuwa Baker ya shiga San Francisco Giants a matsayin ƙaramin koci, ya yi shekara huɗu yana koyar da bugu, a 1993 aka ba shi ragamar ƙungiyar.

Shekarar farko ya ci wasa 103 cikin 162. A besbol wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Atlanta, tsohuwar ƙungiyarsa, ta ci 104, kuma a tsarin wancan lokacin na ɗaya a rukuni kaɗai ke wucewa. Ya koma gida hannu rabbana. Tun daga nan aka fara.

Dare biyu ne suka shafa masa kashin kaji. Na farko a 2002, wasa na shida na World Series, Giants da Angels. Giants na gaba da 5 da nema a zagaye na bakwai cikin tara, in sun ci wannan wasa kofi nasu ne. Baker ya fito ya canza mai jifa, Russ Ortiz, ya kuma miƙa masa ƙwallon ya tafi da ita a matsayin abin tunawa. Wanda ya shigo aka ɗirka masa bugu mai maki uku. Aka tashi 6 da 5, washegari ma suka sha kashi. Har yau akwai masu cewa miƙa ƙwallon nan ne ya tunzura Angels, wai ya fara rabon nama kafin a yanka sa. Ni dai ban taɓa ganin inda kyautar ƙwallo ta jefa wa wani mummunan jifa ba.

Na biyu a 2003, ya koma Shikago wajen Cubs, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1908. Shekarar da ta gabata wasa 67 kacal suka ci, ya kai su 88, har suka zo saura masu bugu biyar na Florida Marlins su fitar su shiga World Series, suna gaba da 3 da nema. Ƙwallo ta tashi gefen katanga, wani ɗan kallo ya miƙa hannu ya taɓa ta kafin ɗan wasan Cubs Moises Alou ya cafe. Jim kaɗan mai tsaron cikin fili na Cubs Alex Gonzalez ya saki ƙwallon da a kullum yake kamawa ido rufe. Florida Marlins suka zuba maki takwas a zagaye ɗaya. To a gaya mini, a cikin ɗan kallo da hannun Gonzalez, wanne ne Baker?

Kada ku ce na zo wanke shi tas. Yana da laifinsa, kuma babba ne. A daren nan ya bar mai jifa Mark Prior a fili alhali kowa na ganin yaron ya gaji. A wannan shekarar ya riƙa barin Prior da Kerry Wood suna wuce jifa 120 a wasa ɗaya, kuma dukansu biyu ciwon hannu ya lalata musu abin da ya rage. Ba wanda zai rantse cewa shi ya jawo, amma ni da ɗana ne da na ji haushinsa. Yana kuma da taurin kai a kan tsofaffin 'yan wasan da ya yarda da su, ko da lissafi ya nuna yaro ya fi su. A 2012 yana kocin Cincinnati, a jerin wasa biyar na ƙarshen kaka, ya ci wasa biyu na farko a gidan Giants, saura ɗaya, ya dawo gida aka lallasa shi sau uku a jere. Wannan kam babu ɗan kallon da za a ɗora wa.

Inda na rabu da masu sukarsa shi ne awo. Wasannin ƙarshe na besbol jerin wasa uku ne, biyar ko bakwai, kuma a wannan wasa ƙungiyar da ta fi kowa ma tana faɗuwa sau 55 ko 60 a shekara. Wasa bakwai ɗan'uwan caca ne. Abin da ke nuna koci shi ne wata shida na kullum-kullum, mutum 25 ko 26 a ɗaki ɗaya, wani daga Dominika, wani daga Benezuwela, wani daga ƙauyen Texas, kowa da girman kansa da matsalar gidansa. A nan Baker ba shi da na biyu. Ya koyi Sifaniyanci tun yana wasan hunturu a ƙasashen Latin, yana magana da yaransa da harshensu. An san shi da kawo wa ɗan wasa abincin garinsu ya ajiye masa a ma'ajiyar kayansa. Ya zauna da Barry Bonds, babban tauraron Giants, shekara goma, mutumin da kowa ya san zama da shi sai an shirya. Sakamakon a rubuce yake: shi ne koci na farko da ya kai ƙungiya biyar daban-daban saman rukuninsu.

Ku dubi abin da Washington ta yi masa. Ya ci 95 a 2016, ya ci 97 a 2017, duka biyun na ɗaya a rukuni, aka ce ya tattara nasa ya nasa. Gaskiya ne sun ɗauki kofi a 2019 da wani kocin, ba zan ɓoye ba. Amma Baker ya yi shekara biyu zaune ba wanda ya kira shi, alhali ana ta ba waɗanda ba su taɓa riƙe ko ƙungiyar unguwa ba. Ba na cewa duk korar da aka yi masa launin fata ne. Ina dai cewa igiyar da ake ba shi ta fi ta wasu gajarta, kuma kafin shi baƙaƙe biyu kaɗai suka taɓa cin World Series suna koci, Cito Gaston da Dave Roberts.

Sai da gida ya kama da wuta aka tuna da shi. A Janairun 2020 aka tabbatar Houston Astros sun yi maguɗi a 2017: kyamara tana leƙen alamun da mai kama ƙwallo yake yi wa mai jifa, su kuma suna buga kwandon shara su sanar da mai bugu irin jifan da ke tafe. Aka kori koci da babban manaja. Duk filin da suka shiga ihu ake musu ana kiransu ɓarayi. Masu ƙungiyar suka nemi fuskar da ba wanda zai iya zagi, suka ɗauko tsoho ɗan shekara 70 da tsinken sakace a baki. Ya ɗauki kashin da ba shi ya yi ba. Shekara huɗu ya yi da su, kowace shekara sai sun kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2021 Atlanta ta sake kayar da shi, a World Series wannan karon, masu cewa ba shi da sa'a suka ƙara gyara zama.

Daren 5 ga Nuwamban 2022, wasan World Series tsakanin Houston da Philadelphia wanda in Houston ta ci kofi nata ne, a falon maƙwabcina na kalla. Philadelphia na gaba da ɗaya a zagaye na shida, dattijon ya kashe sautin talabijin ya ce ba zai iya ji ba. Sai Yordan Alvarez na Houston ya ɗaga wata ƙwallo da ta wuce katangar tsakiya da nisa, maki uku a take. Da Kyle Tucker ya cafe ta ƙarshe, kyamara ta juya wajen Baker, sai ga shi ya sunkuyar da kai yana cike takardar lissafin wasa da alƙalami, mataimakansa sun rufe shi suna tsalle suna kiran sunansa. Shekararsa 73, babu kocin da ya taɓa cin kofin da ya kai shi tsufa. Maƙwabcina ya cire tabarau yana goge ido da gefen riga, bai ce komai ba.

Abin da ya ba ni haushi shi ne washegari. Waɗanda suka shekara 20 suna cewa ba zai iya ba, su ne suka cika gari da cewa yanzu ya tabbata babban koci. Me ya canza? Tsohon nan ne dai da tsinkensa, da taurin kansa, da wasa sama da 2,000 da ya riga ya ci tun watan Mayu. Da Alvarez ya kuskure ƙwallon nan da faɗin yatsa, da yanzu wani labarin suke bayarwa. Ya yi ritaya a Oktoban 2023 da nasara 2,183.

Na manta ban gaya muku ba: a World Series ɗin nan na 2002, ɗansa Darren mai shekara uku yana cikin yara masu kwashe sanduna, ya ruga cikin fili ana tsaka da wasa, sai da ɗan wasan Giants J.T. Snow ya fizge shi ta wuyan riga kafin mai gudu ya take shi. Dalilinsa aka kafa dokar cewa sai yaro ya kai 14 zai yi wannan aiki. Ranar 1 ga Satumban 2024 Darren ɗin ya buga wasansa na farko a babbar gasa, sanye da rigar Washington, abokan karawarsu kuma Cubs, ƙungiyoyi biyu da suka taɓa sallamar ubansa. Jifan farko da aka yi masa ya buga ta wuce, ya isa tudun farko. Uban yana zaune cikin 'yan kallo.