Duruwid da Duwatsun Run Ba Gida Ɗaya Suka Fito Ba

Abin yana damuna in na ji masu buga wasannin kwamfuta na cewa a tarihi ma duruwid, malaman wasu mutanen Turai na dā, su ne ke sassaƙa tsoffin haruffan nan da ake kira run a jikin duwatsu don tsafi. Ba laifinsu ba ne, haka wasannin ke nuna musu: aljanin daji mai dogayen kunnuwa, wato elf, ya dafa dutse, rubutun ya yi haske, ƙofa ta buɗe.

Masu tsara wasannin al'adu biyu suka gauraya. Duruwid malamai ne kuma alƙalan mutanen Kelt a Faransa ta dā da Birtaniya da Ailan. Julius Kaisar, shugaban Rumawa, ya rubuta cewa ba sa yarda a rubuta iliminsu, hadda ake yi, wasu har shekara 20 suna karatu. Run kuwa haruffan ƙabilun Jamus da Sikandinabiya ne, tsohon jerinsu guda 24, elf ɗin ma daga tatsuniyoyinsu ya fito.

Yawancin duwatsun run na tunawa da mamaci ne. Babban dutsen Jelling da ke Denmak, Sarki Harald ne ya sa aka kafa shi wajen shekarar 965 don mahaifinsa Gorm da mahaifiyarsa Thyra, har yau yana tsaye a harabar coci.