Ranar da Tsarin Lokaci Ya Kulle Ni a Ɗakin Ajiya

A wani taron ƙara wa juna sani da aka shirya wa fastoci da masu bishara na gundumarmu, an kawo mana malami ya koya mana yadda ma'aikacin ikilisiya zai tsara lokacinsa. Ya zana gida huɗu a kan allo. Gida na farko na aikin da yake da muhimmanci kuma na gaggawa ne, a yi shi nan take. Na biyu na mai muhimmanci ne da ba na gaggawa ba, a yanka masa rana. Na uku na gaggawa ne marar muhimmanci, a danƙa wa wani. Na huɗu kuwa, wanda ba shi da muhimmanci kuma ba na gaggawa ba, a watsar da shi. Ya ce ana danganta tsarin da Dwight Eisenhower, shugaban Amurka na 34, wanda a 1954 ya yi jawabi ga babban taron Majalisar Ikilisiyoyin Duniya a garin Evanston, ya ambaci wani tsohon shugaban kwaleji da ya ce matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, kuma na gaggawan ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuwa ba su taɓa zama na gaggawa ba. Maganar ta yi daɗi, sai dai Eisenhower bai taɓa zama a gidan fasto da ke cikin harabar majami'a ba, inda ƙofar falo take kallon hanyar rijiya.

Malamin ya ƙarfafa mu da Fitowa sura 18, inda Yetro, surukin Musa, ya tarar da Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'a, ya ba shi shawarar naɗa shugabanni na dubu dubu, da na ɗari ɗari, da na hamsin hamsin, da na goma goma. Ya ƙara da Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci domin manzanni su duƙufa ga addu'a da hidimar Maganar. Na koma gida da sabon littafin tsara ayyuka da kuma ƙarfin zuciya.

Abin da na fara lura da shi shi ne, a ikilisiyarmu kowace magana a gida na farko ake haihuwarta. Mutum zai buga ƙofa da sassafe ya ce, "Baba, gaggawa ce," sa'an nan ya zauna ya tambayi kwanan gida, da gajiyar jiya, da jikin Mama, da yadda ruwa yake a bana, kafin ya bayyana cewa akuyar wani dattijo ce ta shiga gonar masararsa tun makon da ya wuce. Shirin wa'azi kuwa, wanda shi ne babban mazaunin gida na biyu, ba ya buga ƙofa, ba ya gaisuwa, saboda haka kullum sai daren Asabar ake tunawa da shi a gaban fitila.

Na raba aiki kamar yadda Yetro ya ce. Ƙananan ƙararraki na miƙa wa dattawa, jadawalin taruka na ba sakataren ikilisiya, makullai duka na danƙa wa mai gadi tare da dogon gargaɗi cewa kada in sake ganin ƙofa a buɗe ba kowa a wurin. Safiyar Asabar na keɓe ta domin wa'azi kaɗai.

A Asabar ɗin akwai ɗaurin aure, an rubuta ƙarfe 11 a kati. Duk wanda ya yi aikin ikilisiya a ƙasar nan ya san ƙarfe 11 na kati yana nufin amarya za ta fara neman takalminta da ƙarfe 12, don haka na lissafa ina da safiya sukutum. Na bar wayata a hannun matata, na ce a faɗa wa kowa ba na samuwa. Da yake malamin ya ce a nemi wurin da ba wanda ya sani, na zagaya bayan majami'a na shige ɗakin ajiya, na turo ƙofa, na zauna a kan kujerar roba tsakanin manyan tukwanen girkin Zumuntar Mata, da buhunan masarar godiyar kaka, da tulun kiɗa mai bakin da hannu ya goge har yana ƙyalli. Taga ɗaya ce a ɗakin, ƙarama, can sama, mai rodi. Ban taɓa samun kwanciyar hankali irin ta safiyar nan ba. Na buɗe Mai-Wa'azi sura 3, inda aka ce kowane abu yana da lokacinsa, alƙalami ya yi ta gudu. Na ji wani ɗan ƙara a bakin ƙofa, na ɗauka ɓera ne.

Wajen ƙarfe 11 saura kwata sai na ji hon ɗin motoci. Ashe kawun amarya tsohon soja ne, kuma ya rantse wa dangi cewa wanda bai shiga mota da ƙarfe 10 ba ya zo a ƙafa. Na tashi na tura ƙofa, ƙofa ta ƙi. Mai gadi ya zo ya ga ba kwado a jiki, ya tuna da gargaɗina, ya danna kwado, ya hau babur ya tafi kasuwar ƙauyen gaba sayen taki da makullan a aljihunsa.

Na yi kira, amma daidai lokacin 'yan kwaya suka tayar da janareto a jikin bangon ɗakin, wani saurayi kuma ya kama gwada makirufo da "ɗaya, biyu" kamar an hana shi isa uku. Sai na ɗauki tulun kiɗa na shiga bugu da dukan ƙarfina. Matan Zumunta, waɗanda suke tsaye a inuwa cikin ankonsu, suka ji kiɗa, suka ɗauka an fara, sai ɗaya ta ba da waƙa sauran suka amsa. Na ƙara ƙarfi, suka ƙara murya. Na sauya bugu domin su gane akwai matsala, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sai da hannuna ya mutu na tsaya, sa'an nan wani yaro ya taka jarka ya leƙo ta taga, ya juya ya sanar da duniya cewa ga Baba Fasto a cikin sito yana kiɗa shi kaɗai.

Shugabar mata ta matso bakin ƙofa ta ce, "Baba, lafiya? Me kuke yi a ciki?"

Na ce, "Mama, lafiya lau, ina kula da gida na biyu ne."

Aka yi tsit. Sai ta sassauta murya ta ce, "Gida na biyu, Baba? Mama ta sani?"

Ban samu zarafin bayani ba, domin an shiga neman hanyar fitar da ni. Na roƙi sakatare ya fasa kwadon, ya amsa da ladabi cewa kwado kayan ikilisiya ne, kuma ni da bakina na ce irin waɗannan ƙananan al'amura a kai su gaban dattawa. Dattawa suka taru a gindin dalbejiya, suka buɗe da addu'a, ba gajeriya ba, suka fara muhawara a kan ko za a jira mai gadi. Suna tsakiyar haka kawun amarya ya ɗauko ƙarfen kwance taya daga motarsa, ya yanke shari'ar da murɗa ɗaya. Na fito da yanar gizo-gizo a kafaɗa da ƙurar buhu a wando, na wuce bagade kai tsaye. Na ɗaura auren kawun yana zaune a layin gaba, duk sakin layin da na karanta sai ya dubi agogonsa.

Wa'azin Lahadi dai ya fito da kyau, ko da yake da na kai ga cewa akwai lokacin yin shiru da lokacin yin magana, sashen mata ya ɗauki tari gaba ɗaya. Bayan sujada dattawa suka zauna, suka amince a sayi sabon kwado daga baikon gini, suka kuma kafa kwamitin makullai domin kada haka ta sake faruwa. Da murya ɗaya suka naɗa ni shugabansa, kuma da aka duba jadawali, safiyar Asabar ce kaɗai ba taro, sai aka sa zamansa ƙarfe 8.

Maganar gida na biyu kuwa sai da matata ta ɗauki littafina zuwa taron Zumunta, ta nuna musu zanen gida gida, kafin ƙurar ta kwanta. Da ta dawo mini da shi na tarar an cike gida na farko da rubutun hannunta: kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, da gyaran kwanon kicin kafin ruwan Agusta.